Ƙarfe, Ruwa da Tsatsa: Tarihin Fentin Manyan Motoci a Ƙasar Kano



Abin da za mu tattauna a kansa yau, mai yiwuwa wani ya ga bai kai a tara mutane a jami'a dominsa ba, watau fentin da ake shafa wa ƙarfen babbar mota. To, amma duk wanda ya saba bin hanyar Zariya, daga Na'ibawa cikin ƙasar Kumbotso, ya ƙetare gadar Tamburawa, ya nufi Kura da Kadawa, ya san irin motocin da ke jigilar amfanin gonar wannan yanki, ya kuma san yadda ƙarshensu yake zama. Da yawa daga cikinsu injinsu na da sauran ƙarfi sa'ad da ake jingine su, ƙarfen da ke ɗauke da injin ne tsatsa ta cinye. Wannan hasara ce ga mai mota, da manomin da kayansa ke ruɓewa a hanya, da baitulmali idan motar ta gwamnati ce.

Maganar da nake so in kafa guda ɗaya ce. Shekaru aru-aru busasshiyar iskar ƙasar Kano ita ta tsare mana ƙarfe, har muka saba ɗaukar fenti a matsayin ado. Daga shekarun 1970 zuwa yau, noman rani da doguwar tafiya zuwa bakin teku sun sauya halin da ƙarfen mota ke ciki, amma yadda muke zaɓen fenti bai sauya ba. Zan bi tarihin daki-daki, sa'an nan in faɗi abin da ya koya mana game da zaɓen shafe mai ƙarko.

Ƙarfe a Kano kafin zuwan mota

Tarihin Kano da ƙarfe ya fara. Labarin da aka gada ya nuna cewa cikin mutanen farko da suka zauna gindin Dutsen Dala akwai maƙera, watau Abagayawa, waɗanda suka taso daga Gaya suna neman tama. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun tono wurin narkar da tama a Dala, awon da aka yi kuwa ya nuna ana wannan aiki tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, shekaru ɗaruruwa ke nan kafin Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999. Tun daga wannan zamani maƙeran baƙi suke ƙera garma da fartanya da lauje da gatari da mashi da takobi, har da ƙarafan da aka lulluɓe ƙyamaren ƙofofin ganuwa da su, waɗanda ake iya ganin wasunsu a Gidan Makama.

Waɗannan maƙera ba su da fenti irin wanda muka sani, duk da haka kayansu suna daɗewa. Dalilai uku ne suka sa haka. Na farko shi ne aiki: fartanyar da ke shiga ƙasa kullum ƙasar ce ke goge ta, tsatsa ba ta samun sukunin zama. Na biyu shi ne kulawa: takobi da wuƙa akan shafa musu mai, a mayar da su cikin kube, a rataye a ɗaki. Na uku, wanda ya fi sauran girma ko da yake ba a cika lura da shi ba, shi ne yanayin ƙasar kanta. Damina a Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran watannin kuwa rani ne, iska a bushe, ƙasa a bushe. Ƙarfen da aka yar a fili cikin watan Nuwamba zai iya kaiwa watan Afrilu bai yi wani ja na a zo a gani ba.

Yadda tsatsa ke cin ƙarfe

Kafin mu ci gaba ya kamata mu san abokin gabar. Tsatsa ba ta samuwa sai abubuwa uku sun haɗu: baƙin ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. In aka raba ɗaya daga cikinsu da sauran, aikinta ya tsaya. Ruwan nan kuwa ba lalle sai na sama ba, laimar da ke cikin iska ma ta isa. Wani masani Bature mutumin Ingila, W. H. J. Vernon, ya nuna a shekarun 1920 da 1930 cewa tsatsa tafiyar hawainiya take yi muddin laimar iska ba ta kai kamar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ba, da zarar ta wuce nan kuwa sai ta yi sauri ƙwarai. A lokacin hunturu laimar iskar Kano ƙasa take da wannan iyaka nesa ba kusa ba. Sirrin daɗewar kayan kakanninmu ke nan.

Akwai abubuwa biyu kuma da ke ƙara mata ƙarfi, watau gishiri da tsami. Gishiri yana jawo laima ya riƙe ta a jikin ƙarfe ko da iska ta bushe, yana kuma sauƙaƙa gudanar 'yar ƙaramar wutar lantarkin da ke tafiyar da aikin tsatsa. Tsami kuwa narkar da ƙarfen yake yi kai tsaye. Daɗin daɗawa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, saboda haka in ta fara a ƙarƙashin fenti sai ta kumbura, ta ɗaga shi, ta fasa shi, ruwa ya sami sabuwar hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren da kansa yake ƙara faɗaɗa tsagar.

Jirgin ƙasa, kwano da bodin katako

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, daga nan baƙin ƙarfen Turai ya fara kwararowa. Philip Jaggar, wanda ya wallafa littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994, ya bayyana yadda tsofaffin ƙarafan jirgi da na motoci suka maye gurbin tama, har aikin narkar da ita ya mutu. Tare da wannan ƙarfe ne wani sabon abu ya shigo, wanda ya kamata ya zama darasi gare mu tun a lokacin, watau kwanon rufi.

Kwano baƙin ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya. Wani Bafaranshe, Malouin, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1742, wani kuma mai suna Sorel ya yi mata rajista a Faransa a 1837. Hikimar da ke ciki ita ce, tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin ba da kai, saboda haka in an ƙarce kwanon har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da ƙarcen ita za ta riƙa ƙarewa a madadinsa. Fenti rufi kawai yake yi, tutiya kuwa fansa take yi. A riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Manyan motoci sun yawaita a ƙasar Kano bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin tashar jirgi inda ake yin dala. Yawancinsu kai da shasi kawai ake kawowa daga Turai, irin su Bedford da Austin, daga baya Mercedes, sa'an nan kafintocin gida su ɗora musu bodin katako. Ƙarfen da ke jikin irin wannan mota ya zo da fentin masana'anta, mai kauri ne kuma, kayan da take ɗauka busassu ne, lokacin aikinta kuwa kaka ce da rani. Abin da ya rage wa mai fenti na gida shi ne katako, ya zana masa zaki da tsuntsu da furanni, ya rubuta addu'a ko karin magana. Sana'a ce mai kyau wadda ta cancanci a yi nazarinta, amma a nan ne muka koyi auna fenti da ido, watau da ƙyalli da launi. Mai mota ya saba tambayar wane launi za a sa, bai saba tambayar me ke ƙarƙashin launin ba, domin a wancan zamani tambayar ba ta da amfani sosai.

Abin da masana'antun duniya suka koya

A ƙasashen da ke da laima da ƙanƙara, masu ƙera motoci ba su sami wannan rangwame ba, tilas suka yi ta neman magani. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford na Amurka baƙin fenti kaɗai yake sa wa motarsa mai suna Model T, wani irin shafe mai kwalta a ciki wanda ake gasawa a tanda. A shekarun 1920 aka fara sayar da motoci masu fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ake fesawa ya bushe da sauri, launuka kuma suka yawaita. Amma tun kafin wannan, a 1906, wani mutumin Ingila, Thomas Coslett, ya yi rajistar dabarar jiƙa ƙarfe cikin ruwan fosfet, wanda ke bar masa wani kaushi da fenti ke kamawa sosai. Watau tun farko hanya biyu aka bi, ɗaya ta gyara fentin, ɗaya ta gyara fuskar ƙarfen da za a shafa wa.

Fenti iri uku da ake amfani da su yau sun fito ne a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu da 'yan shekarun da suka biyo baya. Akwai alkid, watau fentin mai na gwangwani da kowa ya sani, mai araha, mai sauƙin shafawa. Akwai foliyuretan, wanda Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, mai jure rana. Akwai kuma efoksi, wanda Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka suka samar, mai tsananin kama ƙarfe da jure ruwa da gishiri. A shekarun 1950 Erwin Gemmer ya ɓullo da shafen gari a Jamus, wanda daga baya aka koma fesa shi da ƙarfin lantarki a gasa shi. A 1963 kuma kamfanin Ford ya fara tsoma gangar jikin mota cikin kwatarniyar fenti da aka sa wa lantarki, domin shafen farko ya shiga kowane lungu da saƙo.

Misali ɗaya ya isa ya nuna darasin da aka samu. Gadar jirgin ƙasa ta Forth a Sikotland, wadda aka buɗe a 1890, ta yi suna a kan cewa fentinta ba ya ƙarewa, kullum ma'aikata na kanta suna shafe a kan shafe. Daga bisani aka kankare tsohon fentin duka har ƙarfe ya fito fes, aka sa shafe hawa uku mai efoksi, aka gama a 2011, ana sa ran zai kai shekara 25. Abin da ya kawo bambancin shi ne kankarewar nan da jera shafe hawa-hawa, kowane da aikinsa.

Ruwan Tiga da abin da ya biyo baya

Mu komo gida. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Alhaji Audu Bako ya zama gwamnanta har 1975, babban abin da ake tunawa da shi kuwa shi ne madatsun ruwa. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel, kuma sa'ad da aka gama ta tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik miliyan 2,000. Injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan suka tsara hanyoyin ruwan, aka fara gwaji a Kadawa, aka shirya shayar da hekta 22,000 a kashin farko, a filayen da yanzu ke cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan gangarowa yake yi da kansa ta manyan magudanai, ba a bukatar injin turawa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta daga baya.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan abin da wannan aiki ya yi wa manomi da ƙasarsa, amma ba a cika duba abin da ya yi wa ƙarfe ba. Abokan gaba huɗu ya haɗa motar wannan yanki da su, waɗanda motar gyaɗa ba ta san su ba.

Na ɗaya, ruwa da taɓo a tsakiyar rani. Motar da ke shiga gonakin alkama da albasa da shinkafa tana kwasar laka, lakar ta maƙale a cikin shasi da bayan madagadi, ta riƙe laima kwana da kwanaki. Hutun wata bakwai da ƙarfe ke samu a da ya ƙare ke nan. Na biyu, takin zamani. Noman rani ba ya yiwuwa sai da shi, shi kuwa dangin gishiri ne, yana jawo ruwa daga iska, garin da ya zube daga buhu ɗaya ya isa ya fara cin daɓen mota. Na uku, ruwan tumatir. Ana loda kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, kwando a kan kwando, na sama ya danne na ƙasa, ruwan mai tsami ya yi ta tsiyaya a kan daɓe da ƙusoshi da gaɓoɓin walda tsawon tafiya. Haka nan fitsarin shanu yake yi wa tirelar da ke kai dabbobi kudu. Na huɗu, iskar teku. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kilomita 1,000 ce ko kusa da haka, motar da ta sauke kaya a kasuwar Mil 12 kuwa takan kwana cikin laima mai gishiri, ta komo da shi a jikinta.

A kan waɗannan huɗu sai a ƙara tsofaffin abokan gaba na gida: zafin rana da ke ƙona fenti ya mayar da shi gari, da ƙurar hunturu da tsakuwar hanya da ke goge shi. Arewa tana fasa fentin, kudu tana zuba ruwa da gishiri cikin fashewar. Ba kowace mota a duniya ke haɗuwa da duka biyun a mako guda ba.

Zamanin harhaɗa motoci da zamanin Kwatano

A shekarun arzikin man fetur Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci. Peugeot ta fara aiki a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, ANAMMCO mai harhaɗa Mercedes a Inugu, a Kano kuwa aka kafa NTM a kan hanyar Zariya, tana harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat na Italiya. A irin waɗannan wurare ne ma'aikatanmu suka fara ganin fenti a matsayin aikin injiniya, mai ƙa'ida da awo. Wannan ilmi bai daɗe ya yaɗu ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta karye, kayan harhaɗawa suka gagari saye, aikin masana'antun ya durƙushe.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake kira na Kwatano ko na Baljiyam. Waɗannan sun yi shekaru suna bin hanyoyin da ake barbaɗa wa gishiri lokacin ƙanƙara, saboda haka wasunsu da tsatsarsu suke isowa, a ɓoye cikin shasi. A lokaci guda kuma bodin ƙarfe ya riƙa maye gurbin na katako, aikin ya koma hannun masu walda. Bodin da aka haɗa a gareji ba shi da fentin masana'anta ko kaɗan. Sabon ƙarfe yana zuwa da wani baƙin ɓawo da ya samu wajen murzawa, mai kama da kariya, amma yakan ɓare daga baya ya tafi da duk fentin da aka ɗora masa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗan goga samfefa, a shafa jan fenti hawa ɗaya, a fesa mai ƙyalli a sama, ƙarƙashin motar kuwa a watsa masa baƙin mai ko a shafe shi da kwalta. Motar takan fito tana walƙiya, kyan ɗan maciji ke nan. Baƙin mai yana ɗan taimako a cikin lunguna, amma yana tara ƙura, yana lalata roba, yana ɓata ƙasa da ruwa. Kwalta kuwa in ta tsufa sai ta tsattsage, ruwa ya shige ƙarƙashinta, ta rufe ɓarnar har sai ƙarfe ya huje.

Ba laifin mai fenti ba ne shi kaɗai. Abin da aka biya shi ya yi shi ya yi, mai mota kuwa ƙyalli ya saya, kamar yadda ubansa ya saya a zamanin katako.

Zaɓen shafe mai ƙarko

To, me tarihin nan ya koya mana? Abu na farko shi ne, shafe na ƙarshe ba ya wuce ƙarfin abin da ke ƙarƙashinsa. A wanke maiƙo da gishiri tukuna, sa'an nan a kankare tsatsa da baƙin ɓawon nan. Hanyar da ta fi ita ce feshin tsakuwar ƙarfe da injin iska, in ba ta samu ba a yi da injin gurza da burushin waya, a kuma dakushe kaifin gefuna, domin fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi. A sa shafen farko a ranar da aka kankare, kada a bari ƙarfe ya kwana tsirara.

Abu na biyu shi ne, babu fenti ɗaya da ya dace da mota duka, kowane sashe da nasa. Shasi da ƙarafan gicciye da gangar bodi sun fi son hawa uku: na farko mai tutiya a ciki, na tsakiya efoksi, na sama foliyuretan. Dalilin na saman shi ne efoksi ba ya jure rana, in aka bar shi a fili sai ya koma fari-fari kamar alli, foliyuretan kuwa shi ne laimarsa. Kaurin hawa ukun yakan kama tsakanin maikuron 200 da 300, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Fentin alkid yana da wurinsa, a cikin kan mota da sassan da ruwa ba ya zama, amma ba shi ne na daɓen motar taki ba.

Ƙananan sassan da ake iya kwancewa, kamar matakala da tsani da maɗauran madagadi da sandunan gefe, babu abin da ya fi musu tsomawa cikin tutiya, wadda ake narkarwa a zafin digiri 450 ko kusa da haka. Tsakuwa ba ta ɓare ta da sauƙi, in ma ta ƙarce fansar nan da muka ambata tana nan. Sai dai a gama huji da walda kafin tsomawa, domin hayaƙin tutiya na cutar da mai walda. Tutiya kuma ba ta son tsami, saboda haka inda ruwan tumatir ke kwanciya sai an ƙara mata fenti a sama. Sifirin da ƙusoshi masu tsananin tauri ba a tsoma su, gama aikin na iya sa su gautsi, giris da fenti su ne nasu.

Shafen gari, wanda ake gasawa a zafin digiri 180 zuwa 200, yana da tauri da kyan gani, ya dace da bamba da ƙarfen taya in an gyara fuskar ƙarfen sosai. Aibinsa shi ne in dutse ya fasa shi tsatsa takan bi ta ƙarƙashi ba a sani ba, ba a kuma iya gyara shi yadda yake a garejin bakin hanya. Salansa kuwa fenti mai jure zafi kaɗai ke zama a kanta. Daɓen bodi, inda kaya ke gurzawa, babu fentin da zai daɗe a kansa komai tsadarsa. Maganinsa shi ne a bar kafofin da ruwa zai fita, a shimfiɗa katako, a wanke shi bayan kowace tafiya, a kuma koma ga akwatunan roba maimakon kwanduna, abin da zai tsirar da tumatir da mota gaba ɗaya.

Abu na uku shi ne lokaci da lafiya. Rani ya fi damina dacewa da fenti, amma a cikin rumfa mai kariya daga ƙura, kada kuma a fesa a kan ƙarfen da rana ta gasa ko wanda raɓa ta jiƙa. Mai fesa foliyuretan tilas ya sa abin rufe hanci na ainihi mai tace iska, tsumma ba ya tsare huhu. Akwai kuma wani tsohon jan fenti mai dalma, wanda a da shi ake sa wa gadoji da jiragen ruwa, aka bar shi saboda guba ne. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. A karanta jikin gwangwani, a guji duk fentin da ke ɗauke da ita.

Kammalawa

Ya ku ma'aikatan hukuma, rabonku a wannan al'amari yana kan takarda. Takardar kwangilar da ta ce a yi wa mota fenti mai kyau ba ta ce komai ba, domin babu ma'aunin da za a kama ɗan kwangila da shi. Tun 1998 akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 12944, wadda ta kasa wurare bisa tsananin cin tsatsa, ta kuma faɗi irin shafen da ya dace da kowane. Motar Kadawa da ke zuwa Legas a auna ta da yanayin Legas da na kayan da take ɗauka, kada a auna ta da hunturun Kano. A rubuta abu uku a fili: iyakar kankarewar da za a yi, da irin shafe da yawan hawansa, da kaurin da za a auna da na'ura. A kuma je a duba aikin kafin a sa shafe na sama, domin bayan an sa shi ido ba ya iya bambanta aikin ƙwarai da na ha'inci. Araha ba ta ado, kuɗin da aka rage a ranar fenti shi ake biya ninki a ranar gwanjo.

Ku kuma ɗalibai, ga fili nan a buɗe. Ɗalibin kimiyya na iya rataye 'yan faranten ƙarfe masu shafe iri-iri a Kumbotso da Kura da Bunkure, wasu a jikin motocin da ke zuwa kudu, ya riƙa auna su damina da rani, ya ba mu alƙaluman ƙasarmu. Ɗalibin tarihi na iya zama da tsofaffin kafintocin bodi da masu fenti da direbobi, ya rubuta abin da suka sani tun suna raye. Kakanninmu na gindin Dala sun san ƙarfensu, sun san iskar da yake zaune a cikinta, suka yi masa abin da ya dace da ita. Mu ne muka kawo ruwa Kadawa, muka kuma shimfiɗa hanya zuwa teku, saboda haka nauyin sanin abin da ya dace da ƙarfen yau a kanmu yake.